Muryar da Ke Bayan Fanka

Ranar wata Talata ce, ana yayyafi tun wayewar gari, irin yayyafin nan da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki. Injiniya ya iso wurin aiki kafaɗunsa a jiƙe, ya gangara matakalar sito, ya rataye rigarsa a ƙusa. Daga nan shi da sararin sama sai yamma, domin siton a ƙarƙashin ginin kamfanin yake, babu taga ko ɗaya. Kantoci ne a jere har rufi, cike da kayan gyaran injin ban ruwa, bel da boris da robobi da kusoshi manya da ƙanana, kowanne a kwalinsa. Farar fitila tana zuba haske iri ɗaya daga safe har tashi. Mai son sanin ko ana ruwa a waje, sai dai ya dubi takalman masu saukowa karɓar kaya.

Ba injiniya ba ne. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, saboda ba ya ganin abu mai waya ya ƙyale shi bai kwance ba. Aikinsa shi ne ya shigar wa kwamfutar sito abin da ya shigo da abin da ya fita. Su biyu ne a wurin, shi da Dattijo, wanda ya tsufa a cikin kantocin nan har ya san mazaunin kowace ƙusa ko da ido a rufe.

A gida Injiniya yana da tasa kwamfutar, tsohuwa, wadda ya harhaɗa da kansa daga gawarwakin wasu. Tana kusurwar falo, kusa da keken ɗinkin matarsa, don a nan ne kaɗai soket mai lafiya yake. A cikinta yake koya wa kansa zanen kayan inji, yana mafarkin wata rana ya zana famfon da ba ya cin roba. Lokacin hutun rana a sito kuwa yana wucewa a banza, ga zane a gida, ga shi a nan yana kallon kwalaye. Shi ya sa ya nemi izinin mai kula da kwamfutocin kamfani, ya yi ta karance-karance da gwaje-gwaje, har ya haɗa kwamfutar sito da ta gida ta wata rufaffiyar hanya a cikin intanet. Shi rami yake ce mata.

Ya yi wa Dattijo bayani cewa kamar mutum ne ya haƙa rami daga ƙarƙashin teburinsa har kusurwar falonsa. Duk abin da ya bi ta ciki a kulle yake tafiya, na hanya ba sa ganinsa. Makullin kuma rabi biyu ne, rabi a nan, rabi a can, sai sun haɗu ƙofa take buɗewa. Dattijo ya saurara yana juya cokali a kofin shayi, ya ce ashe shekara da shekaru da gafiya yake zaune bai sani ba. Ya ƙara da cewa idan ramin ya yi faɗi a turo masa filo ta ciki, bayansa yana ciwo.

To, a wannan Talatar, abin da ya dami Injiniya fanka ce. 'Yar fankar da ke sanyaya cikin kwamfutar gida ta fara kuka, kar-kar-kar, kuma yana tsoron ta tsaya yana nesa, na'urar ta yi zafi ta ƙone. Da hutu ya yi sai dabara ta zo masa. Akwai wani ɗan makirfo da ya taɓa maƙala wa kwamfutar ya manta da shi. Ya buɗe ramin, ya kunna makirfon daga nan inda yake, ya sa abin sauraro a kunne don ya ji ko fankar tana juyawa.

Tana juyawa. Ya ji kukanta sarai. A bayan kukan kuma ya ji yayyafi yana taɓa rumfar ƙofar gidansa, abin da ya sa ya ɗaga kai ya dubi rufin sito kamar zai ga ruwan. Sai ƙarar keken ɗinki, tana tafiya tana tsayawa. Sai wata murya tana waƙa.

Ya ɗauka rediyo ce. Murya ce mai ɗan kauri, ba ta sauri, tana bin bugun ƙafa a kan keken kamar an auna su tare.

"Almakashi ɗan baki biyu,
ka ci yadi ba ka ƙoshi ba,
ka ci na amarya, ka ci na tsohuwa,
gobe ma da yunwa za ka tashi."

Keken ya tsaya. Muryar ta ce, cikin magana, ina ma almakashin ya shiga, yanzun nan fa ta ajiye shi. Aka ja kujera, aka ɗaga wani abu, aka yi 'yar dariya. Injiniya ya zauna kamar an dasa shi. Maman Gimbiya ce. Matarsa ce.

Shekarunsu da aure ba kaɗan ba ne, 'yarsu Gimbiya har ta shiga makaranta, amma bai taɓa jin matar nan ta yi waƙa ba, ko ta lallashin jariri. Mace ce mai shiru. Sannu da zuwa, ga abinci, Allah ya kiyaye hanya, sai 'yan maganganun gida da ba za a rasa ba. Ya ɗauka haka aka halicce ta, kuma abin bai dame shi ba, tunda shi ma kansa kullum yana cikin wayoyi. Ba faɗa, ba gaba, zama lafiya lau kamar ruwan randa. Ashe da ya ja ƙofa da safe, Gimbiya ta rataya jakarta ta fita, wata mata ce daban take fitowa ta zauna a falonsa.

Bai taɓa zanen ba ranar. Ya rufe ido, kantocin suka ja da baya, farar fitilar ta dushe. Ya ga falon kamar yana ciki: labulen da iska ke ɗagawa, guntayen yadi a ƙasa, hasken ranar ruwa a kan hannunta. Sai da wani direba ya buga teburi yana neman bel sannan ya dawo.

Da yamma ya shiga gida yana satar kallonta. Ta karɓi jakarsa, ta ce sannu da zuwa, ta kawo ruwa. Fuskar da ya sani ce, bakin a rufe kamar bai taɓa sanin waƙa ba. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya fahimci abu ɗaya, kuma ya fahimce shi har cikin ƙashinsa: ranar da ta san ana jin ta, ranar za ta daina. Ya haɗiye maganar tare da ruwan.

Washegari ya ce wa kansa fankar kawai zai duba. Jibi ma haka. Sabo turken wawa, kafin ya farga, hutun rana ya zama lokacin komawarsa gida ba tare da ya motsa daga kujera ba. Daga baya ma ba ya jiran hutun. Abin sauraro a kunne ɗaya, ɗaya kunnen ya bar wa sito.

Ya san gidansa sabon sani. Ya san mai tallan da ke wucewa da hantsi, da ƙofar maƙwabta mai kuka, da yadda agogon bango yake jin daɗin kansa idan babu kowa. Ya san matarsa tana magana da kayan aikinta kamar yara, tana yi wa allura faɗa, tana lallashin zare. Waƙoƙin duk nata ne, ita take ƙirƙirarsu a kan keke. Akwai ta almakashi. Akwai ta wani mai kawo ɗinki da cikinsa ke ƙaruwa tsakanin awo da karɓa, ya kuma ce tela ce ta rage yadi. Akwai ta keken hawa na mahaifinta marigayi, mai ƙararrawar da ba ta kaɗawa sai an yi gangara. Akwai ta ruwan zafi.

Amma wadda ta kama shi ita ce ta iska. Labarin wata mata ce da ta yi niyyar ɗinka wa iska riga. Ta bi ta da tef tana awo, a kan gada, a bakin kasuwa, a saman bene, kullum awon yana canjawa. Ta yanka yadi mai launin hayaƙi, ta yi wa rigar hannuwa masu yawa don ba ta san ta ina iska za ta sa hannu ba. Waƙar tana tafiya a hankali har inda iska ta zo ƙofa ta yi sallama za ta gwada rigar. A nan Maman Gimbiya take tsayawa. Kullum a nan. Sai keken ya ci gaba shi kaɗai, kamar yana jiran ta samo sauran. Injiniya ya kan riƙe numfashi a cikin sito, shi ma yana jira.

Dattijo ya lura. Ya tambaye shi me yake saurare haka har yake murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce fanka ce. Dattijo ya ce lallai fankar nan Allah ya yi mata murya, a samo masa irinta.

Daga sauraro kuma abu ya wuce gaba. Wata rana ya ji tana ƙunƙuni cewa baƙin zare ya ƙare, kuma ba ta son fita cikin rana. Da yamma ya biya ta shagon kayan ɗinki ya sayo. Ya ajiye mata a kan keke kamar ba komai ba. Ta ɗauka, ta juya shi a hannu, ta dube shi. Ya ce gani ya yi kawai a hanya ya tuna da ita.

Wata rana ta yi wa kujera mitar cewa ita ce za ta karya mata baya. Ranar hutu ya ƙara wa kujerar tsawo, ya ɗaura mata matashi. Ta ce keken ya yi ƙishi, sai ga man keke. Ta yi wa Gimbiya alkawari ita kaɗai, cikin waƙa, cewa za a kai ta ganin jirgin ƙasa, sai ga Baban Gimbiya ya ce a shirya a je tasha yawo. Har akwai ranar da ta fita kai ɗinki maƙwabta, ruwa ya dawo, famfon da aka bari a buɗe ya cika bokiti ya fara malala. Ya ji ruwan yana tafiya a kan siminti yana neman inda ta jera yadukan mutane. Waya ba ta kamawa a sito, don haka ya haura matakala da gudu, ya kira ta yana haki, ya ce yanzu ya tuna kamar ya bar famfo a buɗe da safe. Ta koma ta tarar ruwa ya kusa taɓa kayan.

Gidan ya fara ɗumi. Takan tsaya a ƙofa ta bi shi da kallo idan zai fita. Ta ɗinka masa riga ba tare da ta auna shi ba, kuma ta zauna masa cif. Wani lokaci idan suna cin abinci takan ɗago kamar za ta faɗi wani abu mai tsawo, sai ta yi murmushi ta fasa. Shi kuwa yana yawo tsakanin gidaje biyu, na yamma mai shiru da na rana mai waƙa, har wani sa'in ya rasa a wanne yake farke.

Sai ranar da ƙanwarta ta zo. Auta suke ce mata, yarinya mai baki kamar reza, wadda ba ta raga wa mijin yayarta ko a gaban idonsa. Ya ji shigowarta da hayaniya, ta yi wa kwamfutar da ke kusurwa gaisuwa, ta ce ina kwana uwar wayoyi, mai gida na biyu. Suka yi ta hira, Auta tana kwaikwayon tafiyarsa, yadda yake sunkuyar da kai kamar mai neman ƙusa a ƙasa. Abin mamaki, Maman Gimbiya ta karɓe, ta kwaikwayi yadda yake cewa uhm, uhm idan ana ba shi labari, ido a kan allo, har labarin ya mutu a bakin mai bayarwa. Ta iya shi ƙwarai. Suka yi dariya har Auta tana tari. A sito, kunnuwan Injiniya suka yi zafi, amma shi ma sai da ya dara.

Da dariyar ta lafa, sai matar ta ce ai kwanan nan ya canja. Ta ba da labarin zare, da kujera, da famfo. Auta ta ce ko dai wani laifi ya yi yake share fage, don namiji ba ya sayo zare haka kawai.

"Ba laifi ba ne," in ji Maman Gimbiya, muryarta ta yi ƙasa. "Gane ni ya fara yi. Kin san ni, ban iya roƙo ba, ko a gida haka nake. Na daɗe ina cewa a raina, ina ma a ce mutum ya dube ni ya san abin da ke damuna ba sai na faɗa ba. Na ɗauka ba a yin irin wannan. Ashe ana yi, Auta. Lokaci kawai yake ɗauka."

Auta ta ce to Allah ya sa ba aljanu ne suke kai masa rahoto ba. Suka sake dariya.

Injiniya ya cire abin sauraron ya ajiye a kan teburi. Ya daɗe yana kallon kwalin boris da ke gabansa. Dattijo, wanda ke ɗaure wani kaya da igiya, ya yi magana ba tare da ya juyo ba. Ya ce shi dai uwargidansa, tun suna da ƙuruciya har yau, bai san abin da take yi ba idan ya fita, ita ma ba ta san nasa ba, shi ya sa idan ya koma suke da abin faɗa wa juna. Ya ja igiyarsa ya ƙulle.

Injiniya ya yi niyyar rufe ramin, ya kuma rufe shi. Sito ya koma sito, fitila da kwalaye da takalman mutane. Ya riƙe kansa na 'yan kwanaki. Amma tunanin cewa wataƙila yau ne za ta samo ƙarshen waƙar iska, yau iska za ta sa rigar kuma ba ya nan, ya hana shi sukuni. Ya ce sau ɗaya kawai. Ya buɗe.

Ranar hutu da hantsi ya ce bari dai ya gyara fankar nan. Ya sauke kwamfutar a tsakiyar falo, ya buɗe cikinta, ya zauna a ƙasa da ɗan buroshi yana share ƙurar da ta daskare a fikafikan. Gimbiya tana kwance rub da ciki tana zane. Maman Gimbiya tana tsaye a teburi tana yanka yadi. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma, hannunsa yana aiki, hankalinsa ya tafi yawo. Bai san lokacin da ya fara ba. A hanci yake yin ta, ba kalmomi, amma ita ce: gada, bakin kasuwa, saman bene, yadi mai launin hayaƙi. Ya bi ta tiryan-tiryan har iska ta zo ƙofa ta yi sallama. A nan ya tsaya, daidai inda ake tsayawa.

Sai ya lura almakashi ya daina motsi.

"A ina ka ji wannan?"

Ya ce a rediyo, yana jin, ko a mota. Bai ɗago ba. Ta ce uhm. Ya ji idonta a kan ƙeyarsa, sannan ya ji ya sauka a kan buɗaɗɗiyar kwamfutar, da wayoyinta, da ɗan makirfon da ke lilo a gefe. Almakashi ya ci gaba da cin yadi. Ya ɗiga wa fankar mai, ya mayar da komai, ya kunna. Ta juya lumui, ba kuka ko kaɗan.

Da ya koma aiki, ya yi ta kewaya kujerarsa kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Wajen hantsi ya kasa daurewa, ya buɗe ramin, ya sa abin sauraro.

Shiru. Ba fanka, ba keke. Agogon bango kaɗai. Ya ɗauka ta fita. Sai ya ji an ja kujera, ba zuwa wurin keke ba, zuwa kusurwa. Ƙarar ta matso har ta cika masa kunne. Ya ji ta zauna. Ya ji numfashinta, kusa fiye da yadda ya taɓa jin sa a wannan hanya.

"Baban Gimbiya," ta ce. "Tun safe nake zuwa nan ina kiranka ina komawa. Idan ba ka ji na, to ni ce na zautu, ina magana da akwati, kuma ba komai, zan nemi gafararka a raina. Amma idan kana ji, kada ka bar ni ina zargin hankalina. Ka nuna min alama."

Ya dubi allon. Ramin nan hanya ɗaya yake ɗaukar murya, daga gida zuwa sito. Bai taɓa tunanin haɗa ta dawowa ba, don bai taɓa nufin yin magana ba. Idan ya haura sama neman waya, zai bar ta tana magana ba mai ji. Idan kuma ya yi shiru, shi ke nan. Za ta jira, ta gaji, ta tashi, ta yi wa kanta dariya. Wataƙila bayan mako ɗaya ko biyu keken ya dawo da waƙarsa, shi kuma ya ci gaba da zama mijin da ya gane ta. Ba abin da ake bukata a wurinsa sai ya naɗe hannu.

Tana nan tana jira. Agogo yana tafiya. Ya ji ta shaƙi hanci sau ɗaya, a hankali, irin na wanda ba ya son a ji.

Tsohuwar kwamfutar tana da wani ɗan faranti na saka faifai, wanda ba a amfani da shi, ana iya turo shi waje da umarni ɗaya. Injiniya ya ɗora yatsunsa a kan madannai ya rubuta umarnin. Ya daɗe yatsansa yana shawagi, sannan ya danna.

Ta cikin ramin ya ji farantin ya fito, zuuu, ya tsaya. Ya ji kujerarta ta ɗan ja baya.

Ba ta yi ihu ba. Bayan wani lokaci ya ji ta tura farantin da yatsa ya koma ciki.

"Zaren ma?"

Ya danna. Farantin ya fito. Ta mayar.

"Kujerar? Famfon?"

Ya danna.

"Ranar da Auta ta zo?"

Ya sake dannawa. Wannan karon ba ta mayar da farantin ba. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ce ashe ita da akwati take ta soyayya. Sannan ta ce, kuma muryar ba ta fushi ba ce, ta gajiya ce:

"Da tambayata ka yi, ban san ko da na rera maka ba. Wataƙila da na ji kunya na ƙi. Wataƙila wata rana da na yi. Ka ga yanzu ni da kai ba wanda zai sani."

Ya ji tafin hannunta yana laluben bango. Sai komai ya ɗauke. A allon sito rubutu ya fito cewa ɗaya ɓangaren ya rufe hanya. Ya zauna da abin sauraro a kunne, ba komai a cikinsa, har Dattijo ya zo ya ajiye masa kofin shayi a gefe ya wuce.

Da yamma ta ce masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta kawo abinci. Bayan Gimbiya ta fita wasa ya durƙusa kusa da keken ya faɗi duk abin da ya iya faɗa, tun daga fanka. Ta saurare shi har ƙarshe tana warware wani ɗinki. Ta ce ta yafe, kuma ya ga alamar da gaske take. A gabanta ya cire makirfon ya miƙa mata, ta jefa shi cikin gwangwanin maɓallai. Ya goge rabin makullin da ke gida, washegari ya goge na sito. Kwamfutar ma ya ɗauke ta daga falo, ya ja mata waya zuwa lungun da ake ajiye takalma.

Zama ya ci gaba. Yanzu idan tana son abu takan faɗa, a gajarce, shi kuma ya koyi ɗago kai idan ana magana. Bayan an kwana biyu, wata rana suna shanya tare, ya yi ƙarfin hali ya tambaye ta ko iska ta sa rigar. Ta matse wani zane, ta yarfa shi, ta ce ba ta sani ba. Ta ce ba don ta hukunta shi ba ne. Tana gwadawa idan gidan ya zama nata ita kaɗai, takan ɗora ƙafa a kan keke ta buɗe baki, sai ta ji kusurwar nan tana saurare, alhali ta san babu komai a wurin sai soket. Sai ta rufe bakin ta yi ɗinkinta.

Abin da aka rasa, idan za a ƙirga, ga shi: rami ɗaya, daga sito zuwa falo. Makirfo ɗaya. Zanen famfo ɗaya da bai adana ba lokacin da aka zare wuta. Waƙoƙi huɗu cikakku, da ɗaya da ba a ƙarasa ba. Da mace ɗaya da take zama a gidan tsakanin fitarsa da dawowar Gimbiya daga makaranta.